Komawa Ɗorayi Bayan Shekara Hamsin: Kundin Aikinmu

7 ga Nuwamba, 2022

Yau muka yi zaman farko a ofishin shugaban sashe tun da aka janye yajin aikin malaman jami'o'i ranar 14 ga Oktoba. Wata takwas ƙofa a garƙame, ƙura ta rufe takardu, abokan aikinmu na Ingila suna ta aiko saƙo suna tambaya ko maganar tana nan. Tana nan. Ni aka ɗora wa riƙe wannan kundi, kuma zan riƙa rubuta abin da ya gudana da kwanan watansa, daɗi da wuya, domin ɗaliban da za su gaji aikin su ga hanyar da aka bi.

Ga asalin maganar. Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill, wadda ta fara yin suna da bincike kan manoman koko a Gana, daga baya ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta zo Ɗorayi a farkon shekarun 1970. A lokacin Ɗorayi karkara ce a bayan ganuwa, sai gonaki da rumbuna da jakai. Ta ƙirga gidaje, ta bi diddigin gonaki, ta rubuta kan ƙarancin ƙasar noma da talauci, da kuma manyan gidajen nan da magidanta masu yawa ke shiga ta soro ɗaya. Littafinta ya fito a 1977. Yau Ɗorayi tana cikin ƙaramar hukumar Gwale, birni ya haɗiye ta. Abin da muke son sani shi ne ina manyan gidajen suka shiga, ina gonakin, kuma me ya maye gurbin gandu, wato tsarin da 'ya'ya maza ke noma tare a ƙarƙashin uba shi kuma ya ɗauki nauyinsu, wajen riƙe dangi.

Mu ɓangare uku ne. Daga sashenmu na nazarin zamantakewar al'umma malamai huɗu da ɗaliban manyan digiri shida. Daga wata jami'a a Ingila farfesa ɗaya da mataimakinta, kuma ta hannunsu kuɗin ya zo. Sai wani malami daga Damagaram a Jamhuriyar Nijar, saboda 'yan ci-rani daga ƙasarsu suna cikin masu kama haya a unguwar.

A Kano aka haife ni, a nan na yi digiri biyu, na sha wucewa ta Ɗorayi ranar hawan Sarki da Sallah, amma ban taɓa riƙe wannan littafi a hannuna ba sai a wani ɗakin karatu a Ingila. Ranar na daɗe zaune ban buɗe shafi na biyu ba. Kano gari ne da masana suka sha yi wa rubutu: John Paden kan addini da siyasa, Paul Lubeck kan leburorin masana'antu, Enid Schildkrout kan yara masu talla, Michael Mortimore kan manoman kewayen birni. Ayyuka ne masu kyau, muna karantar da su. Sai dai mutanen da aka yi rubutun a kansu ba su taɓa jin sakamakon da harshensu ba. Wannan ne ya sa na nace sai an yi aikin nan.

12 ga Disamba, 2022

An sa hannu a yarjejeniya. Sharuɗɗa uku muka tsaya a kansu har aka shigar. Duk muryar da aka naɗa da duk abin da aka rubuta, kwafin asali a Kano zai zauna. Duk wanda ya shiga fili ya tattaro bayani, ya kuma sa hannu a nazarinsa, sunansa zai hau maƙala a sahun marubuta. Sannan kafin a buga komai a waje, sai an koma Ɗorayi an karanta wa mutane da Hausa. Na ukun ne ya fi cin lokaci, domin babu gurbinsa a kasafin kuɗin da suka tsara tun farko. Muka rage daga kuɗin tafiye-tafiyenmu muka cike.

23 ga Janairu, 2023

Mun bi ƙofa kamar yadda aka saba: hakimi, dagaci, sannan masu unguwanni. Kowa ya karɓe mu da mutunci. A soron wani mai unguwa, dattijo ne da ya haura saba'in, na yi bayani tiryan-tiryan, ya saurara har na kai aya, sannan ya ce, "Malam, masu tambaya sun sha zuwa nan. Na lafiya sun zo, na ruwa sun zo, na makaranta sun zo. Kowa da takardarsa. Ban taɓa ganin wanda ya dawo ya ce ga abin da ya gano ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, mu za mu dawo."

Ya ce, "Allah Ya sa. To ku shiga."

Na rubuta maganarsa a bangon littafin kowane ɗalibi.

20 ga Fabrairu, 2023

Aiki ya tsaya. Canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace, ɗalibai ba su da na adaidaita sahu, masu POS kuma sai an ba su kaso mai nauyi kafin su fitar da dubu biyar. Ga zaɓe ranar 25 ga wata. Duk wanda aka gani da takarda da biro a lungu, 'yan siyasa ake ɗauka sun turo shi. Mun dakata har bayan azumi.

15 ga Mayu, 2023

Mun koma fili mako biyu ke nan. An ɗage ƙidayar jama'ar da aka shirya yi a farkon watan nan, abin da ya rage mana ruɗani, domin da farko wasu sun ɗauka mu ne ma'aikatan ƙidaya. Rabon ƙasar nan da ƙidaya tun 2006, don haka babu wani adadi na yanzu da za mu dogara da shi kan unguwar. Da ƙafa za mu bi.

Matsala ta farko mai nauyi daga kalma ɗaya ta fito. Takardar tambayoyin da aka aiko daga Ingila ta ce a ƙirga iyali ɗaya-ɗaya, ma'anar iyali a wurinsu kuwa ita ce ta masu ƙidaya: mutanen da ke kwana wuri ɗaya suna ci daga tukunya ɗaya. Wata ɗalibarmu ta dawo da yamma da takardarta fara fat, ta ce, "Malam, tukunya nawa zan rubuta?" Gidan da ta shiga soro ɗaya ne, sassa tara. Tsohon mai gida yana da mata biyu masu juya girki. 'Ya'yansa maza uku suna ciki da matansu, kowa da tukunyarsa da rana, amma tuwon dare na tsofaffi daga sassan ukun yake fitowa bi da bi. Akwai 'yar gida bazawara da ta dawo da yaranta biyu, tana ci wurin uwarta, kuɗin makarantar yaran kuma wani yayanta ne da ke Sabon Gari yake turowa ta waya. Akwai 'yan haya a sassa biyu, akwai ɗan riƙo, akwai almajiri da ke kawo kwanonsa kullum shekara uku. Wa za a sa, wa za a cire?

Kwana uku muka yi a kan wannan. Daga ƙarshe muka ajiye kalmar guda ɗaya muka ɗauki uku da mutanen da kansu suke amfani da su: gida, sashe, tukunya. Muka ƙara tambaya ta huɗu, wadda a ganina ita ce zuciyar aikin: wa ke ɗaukar nauyin wa, ko da ba ya kwana a gidan? Da muka yi taro ta intanet farfesar ba ta so ba, kuma hujjarta ba ta banza ba ce: in mun canza ma'auni, ba za a iya gwada sakamakonmu da na wasu ƙasashe ba. Na ce mata ma'aunin da ya raba uwa da 'yarta ya kira su iyali biyu, ya kuma mai da ɗan da ke ciyar da gida baƙo, ba Ɗorayi yake aunawa ba. Muka daidaita a kan mu rubuta duka biyun, namu a gaba, nasu a gefe don kwatance.

Wannan gardama ba mu muka fara ta ba. Tun 1986 Akinsola Akiwowo ya nuna cewa ana iya ciro ma'aunin nazarin al'umma daga cikin hikimar baka ta Yarabawa, kuma tun ƙarni na 14 Ibn Khaldun ya gina nazarinsa a kan asabiyya, wato haɗin kan dangi da ƙabila, kalmar mutanensa. Muna faɗa wa 'yan aji ɗaya wannan duk shekara. Sai yau na ga ɗalibaina sun yi shi da hannunsu.

19 ga Yuni, 2023

Kwamitin ɗa'ar bincike na jami'ar Ingila ya ce dole kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar amincewa. A Kano wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wani magidanci ya karɓi takardar ya juya ta, ya miƙo mini, ya ce, "Malam, tambaye ni abin da kake so, zan gaya maka. Amma hannu ba zan sa ba." Bai faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Garin nan bai manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan wanda ya shafi yara 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a fayyace musu cewa gwaji ne ba. Sai a 2009 aka sasanta shari'ar da gwamnatin jiha. Dakatar da rigakafin shan inna a 2003 zuwa 2004 ma yana da jijiya a can. Ga kuma tsoron da ya fi kusa: a unguwar da ake rigimar filaye, sa hannu a takardar da ba ka karanta ba yana iya raba ka da gadonka.

Na rubuta wa kwamitin dogon bayani. Sun yarda da amincewar baka: a karanta wa mutum bayanin da Hausa a gaban shaida, a naɗi muryarsa yana cewa ya yarda, a gaya masa yana iya tashi duk sa'ad da ya so. Mata kuwa malamarmu da ɗalibai mata ne kaɗai ke shiga wurinsu, bayan an nemi izinin mai gida, kuma ana sake neman yardar matar ita kanta a keɓe. Izinin miji ba ya maye gurbin nata.

An sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta ƙasa a watan nan, ta ƙarfafa mana sharaɗin ajiye kwafin asali a gida. Litar fetur kuma ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 tun jawabin 29 ga Mayu da sabon shugaban ƙasa ya sanar da cire tallafin mai. Kuɗin motar ɗalibai da muka tsara na shekara ba zai kai Satumba ba.

8 ga Agusta, 2023

Juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai ya sa an rufe iyaka. Abokin aikinmu na Damagaram, wanda ya shirya zuwa cikin watan nan ta Matamaye da Kwangwalam da Daura, tafiyar da ba ta wuce rabin yini ba, yanzu sai ta waya. Abokanmu na Ingila suna iya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano duk ranar da suka ga dama, maƙwabcinmu da muke harshe ɗaya da kakanni ɗaya ba shi da hanya. 'Yan garuwa da masu shayi 'yan ƙasarsu da muka fara hira da su sun shiga damuwa, wasu sun daina magana da mu. Ban matsa musu ba.

Da Hausa muke taro da shi, tunda shi Faransanci ya yi karatu, mu Turanci. In Turawan suna kan layi sai ɗaya daga cikinmu ya yi musu tafinta. Ta wurinsa muka koyi salon LASDEL, cibiyar binciken zamantakewa ta Yamai, inda masu bincike ke shiga fili gaba ɗaya na 'yan kwanaki, su haɗu kowace yamma su baje abin da suka ji, kafin kowa ya kama ɓangarensa. Mun ɗauki salon. Zaman yamman nan ya fi kowane aji da na taɓa koyarwa amfani.

27 ga Nuwamba, 2023

An gama zagayen farko na hirarraki. Yanzu ana kwafe su a rubuce da Hausa tukuna, fassara daga baya. Aiki ne mai cin rai, hirar sa'a ɗaya takan ci yini. Na hana a fassara kai tsaye daga murya, domin a nan ne karin magana da habaici da shirun mutum suke zubewa.

Labarin gonaki kusan iri ɗaya ne a bakin dattawa. Da, da rani, jakai ne ke fita daga birni da mangalar taki da shara zuwa gonaki, su koma da itace da kara. Da wannan takin ake noma gona ɗaya kowace shekara ba a hutar da ita ba, abin da Mortimore ya yi dogon nazari a kai. Rabon gado ya yi ta tsinka gonakin tun kafin birni ya iso. Sai dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar birane a hannun gwamna, diyya kuma a kan abin da aka shuka ko aka gina take, ba a kan ƙasar kanta ba. Manomi ya duba ya ga in ya jira gwamnati ta zo ta yanka filaye, abin da zai samu kaɗan ne. Sai ya riga ta. Ya kira dillali da igiya, a auna, a yanka fuloti-fuloti, a sayar da shaidar mai unguwa. Awon igiya ke nan, kuma shi ya haifi lungunan da mota ba ta shiga, babu magudanar ruwa, babu filin makaranta. Masu tsara birane suna kiran wannan rashin bin doka. Da na zauna da mutanen da suka yi shi, lissafi na gani, na mutumin da aka bar masa zaɓi biyu marasa daɗi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne inda kuɗin ya tafi. Wani ya je Makka, wani ya aurar da 'ya'ya, wani ya sayi gona a nesa wajen Madobi ko Kura, wani ya ja jari a Kantin Kwari ya yi arziki, wani kuma yau gadi yake yi a gidan da aka gina a kan gonar ubansa. Wannan na ƙarshen ya nuna mini inda kukarsu take da, yanzu tankin ruwa ne a wurin. Bai yi ƙorafi ba. Ya ce rabo ne.

Ɓangaren mata ya fi na maza cika. Polly Hill ta daɗe da nuna cewa matan kulle suna gudanar da kasuwa babba daga cikin gida, Schildkrout kuma ta nuna yara ne ƙafafun wannan kasuwa. Kasuwar tana nan da ranta. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa sun ja baya, awara da ɗanwake da zoɓo da ƙanƙara sun shigo, ga atamfa da turaren wuta da ake tallatawa a WhatsApp a biya ta waya. Adashi yana nan, har da na kayan ɗaki. Malamarmu ta ce a wasu gidajen jarin matar ne ke riƙe da tukunya tun da farashin masara ya tashi, amma ba mai faɗin haka a gaban mai gida, mu ma ba za mu rubuta shi ta yadda za a gane gidan ba.

Wani tsoho ya ce ya tuna wata Baturiya da ta riƙa zuwa tana tambayar gonaki yana saurayi. Mun rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, ba mu liƙa mata suna ba.

19 ga Fabrairu, 2024

Mako mai nauyi. Daftarin maƙalar farko ya iso daga Ingila. Sunayensu biyu a gaba, nawa na uku, malamarmu ta huɗu, ɗalibai shida kuma an tattara su a layin godiya a ƙarshe, tare da direba. Maƙalar kan kasuwar mata ce, kuma kusan duk hirar da ke ciki ɗaliba ɗaya ce ta yi ta, ita ta gano cewa wayar hannu ta canza aikin 'yan talla, ita ta kawo rabe-raben da aka gina maƙalar a kai. Na kwana ban amsa ba don kada fushi ya yi rubutun. Washegari na tura musu sakin layi na biyu na yarjejeniyarmu, na haɗa da sanarwar Kef Tawun da ta fito daga taron duniya kan gaskiya a bincike na 2022, wadda ta yi magana a kan irin wannan rashin daidaito tsakanin masu kuɗi da masu fili.

Farfesar ta kira ni da kanta. Ta ba da haƙuri, ta ce sabo ne, kuma tsarin auna jami'o'in ƙasarsu yana matsa musu su kasance a gaba. Na yarda da ita, domin na ga irin ɗawainiyar da ta yi wa aikin nan. Amma sabon da ke mai da ɗan ƙasa mai ɗauko bayani, baƙo kuma mai tunani, shi ne ainihin abin da muke son karyawa. An gyara. Sunan ɗalibar ne na farko. Da malamarmu ta gaya mata, sai ta rufe fuska da mayafi ta yi shiru, can ta ce, "Malama, Babana zan fara gaya wa."

A makon nan kuma aka hana ƙaramin malaminmu biza zuwa wani taro a Turai, duk da takardar gayyata da tikiti da masauki. Mataimakin farfesar ne zai karanta takardarsa a madadinsa. Dala ta haura naira 1,400 a farashin hukuma, daga wajen 460 lokacin da muka fara. A takarda kuɗinmu ya ninka, a kasuwa kuwa batir da takarda da mai sun cinye ƙarin. Mun ƙara wa ɗalibai alawus kafin komai.

22 ga Afrilu, 2024

An buɗe iyaka a watan jiya. Malamin Damagaram ya iso bayan Sallah, da kilishi da jakar littattafai. Kwana goma ya yi. Ranar farko ya zauna a teburin wani mai shayi, suka gano garinsu ɗaya, kafin magariba mutanen da suka guje mu wata takwas suna layin yin magana. Ya nuna mana abin da ba mu gani ba: ɗakin haya ɗaya da samari shida ke kwana ba na mutum shida ba ne, na ƙauye guda ne, wani ya tafi noma da damina wani ya maye gurbinsa, shekara da shekaru.

12 ga Agusta, 2024

Zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 ga wata da dokar hana fita sun tsayar da mu mako guda. Kowa lafiya.

Labari mai daɗi: an karɓi maƙalar mata bayan gyara zagaye biyu. Mun zaɓi mujallar da kowa zai iya karantawa kyauta, domin babu amfanin rubutu kan Ɗorayi da malamin Kano sai ya biya dala kafin ya buɗe. A manyan mujallun waje kuɗin buɗe maƙala ɗaya yakan kai fam dubu biyu ko uku, kuma ɓangaren Ingila ne suka ɗauka. Ta biyun muna shirin kai ta ɗaya daga mujallun CODESRIA, majalisar masu binciken zamantakewa ta Afirka da ke Dakar, wadda tun 1973 take ƙoƙarin ganin masanan Afirka suna karanta juna. Mun roƙi editan ta farkon ya jinkirta fitarwa har mu cika alkawarin komawa. Ɗalibai biyu sun kare kundin digirinsu na biyu daga wannan aiki, ɗaya kan awon igiya, ɗaya kan 'yan haya. Mai jarrabawa na waje ya ce a buga na farkon.

25 ga Nuwamba, 2024

Mun koma. Maza a harabar wata Islamiyya bayan la'asar, mata washegari a tsakar wani babban gida. Shafi goma sha biyu muka rubuta da Hausa, babu kalmar aro sai wadda ta zama dole, muka buga kwafi ɗari uku. Farfesar ta zo, ta zauna a tabarma cikin mata da mayafinta, ɗalibarmu tana yi mata tafinta a kunne.

Ni na karanta wa maza. Da na zo inda muka rubuta cewa gandu ya mutu tare da gonaki, sai wani dattijo ya ɗaga sanda. Ya ce, "Malam, dakata. Wa ya ce maka ya mutu? 'Ya'yana uku suna shagona a kasuwar Singa. Ba na biyan su albashi. Ni na yi musu aure, ni na ba su ɗaki, ni ke cika rumbu, kowa kuma yana da ɗan abin da yake juyawa na kansa a gefe, kamar gayauna. In wannan ba gandu ba ne, mene ne?" Wuri ya ɗauki hayaniya, wasu suna cewa haka ne, wani matashi yana cewa shi dai ya fita daga na ubansa domin ba ya ganin ƙarshensa. Kusan sa'a guda suna yi da junansu, mu muna rubutu. Shekara biyu muna neman gandu a gona, ashe ya tashi ya koma shago da gareji da wurin walda. Babi guda zai sake rubutuwa daga tushe.

Mata ma sun yi mana gyara. Mun ce makaranta ce ta rage talla a gidajen da muka bi. Wata Hajiya ta ce wa malamarmu, "'Yar nan, makaranta da sauƙi. Tsoro ne. Lungu ya cika da baƙin ido, ba kowa ka sani ba kamar da." Suka kuma nemi a cire taswirar da ta nuna iyakokin wasu gidaje, domin akwai waɗanda rabon gadonsu ke gaban alƙali. Mun cire, daga rahoton da kuma maƙalar.

Da aka tashi, mai unguwar nan ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya ce, "Malam, kun dawo." Ya karɓi kwafi ashirin ya ce zai raba a masallaci.

13 ga Janairu, 2025

An karɓi takardunmu biyu a taron Ƙungiyar Masana Zamantakewa ta Duniya da za a yi a Rabat ta Maroko daga 6 zuwa 11 ga Yuli. Ɗalibar da ƙaramin malaminmu ne za su je, an fara neman fasfo da kuɗin jirgi tun yanzu. Kuɗin aikin zai ƙare a watan Satumba, don haka muna rubuta takardar neman tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, domin zagaye na biyu, wannan karon mu ne a gaba, abokanmu na Ingila da Damagaram suna mara mana baya. Wani gidan rediyo ya ba mu rabin sa'a sau huɗu bayan azumi, kuma dattijon mai sanda ya yarda ya zo a yi da shi. Mun rubuta wa masu haƙƙin littafin 1977 muna neman izinin fassara babin manyan gidaje zuwa Hausa, muna jiran amsa.

Saura hira goma sha ɗaya ba a kwafe ba, na'urar naɗar murya ɗaya ta lalace. Asabar mai zuwa da hantsi ɗalibai biyu za su fara bin shagunan Singa da Kwari da sababbin tambayoyi kan gandu, ni kuma zan koma gidan mai sassa tara, domin an ce tsohon ya rasu cikin Disamba kuma magada sun fara maganar kiran mai igiya. Ta'aziyya zan fara yi, littafi yana cikin jaka.